Babi na Shida: Ranar da Taki Ke Ci

Buhun takin da ake saukewa a ɗakin ajiya na wani ƙauye kusa da Ngong ko Pitowa ya sha tafiya kafin ya iso. Jirgin ruwa ne ya kawo shi Duwala, domin kusan duk takin zamanin da Kamaru ke amfani da shi daga waje take sayo shi. Daga Duwala jirgin ƙasa ya ɗauko shi zuwa Ngaundare, inda layin dogo ya tsaya tun 1974. Sai manyan motoci su gangaro da shi ta hanyar nan mai kwana-kwana da ke bin gefen dutse, su miƙe zuwa Garwa, tafiyar kilomita kusan 280, sannan a rarraba shi ƙauyuka kafin ruwa ya ɓata hanyoyi. Watanni ake yi ana wannan hidima. Amma ko buhun nan zai biya kuɗinsa ko zai zama bashi a wuyan mai gona, abu ne da ake yankewa cikin 'yan kwanaki, a ranar da aka kwance bakinsa.

Wanda ya fi kowa hannu a wannan safara a arewacin Kamaru shi ne kamfanin auduga na SODECOTON, wanda aka kafa a 1974, hedikwatarsa kuma tana Garwa. Ya gaji aikin ne daga kamfanin Faransawa na CFDT, wanda ya yaɗa noman auduga na sayarwa a yankin tun farkon shekarun 1950. Tsarin sananne ne ga duk wanda ya taɓa zama a ƙauyukan kwarin Binuwai: ana ba manomi iri da taki da maganin feshi bashi ta hannun ƙungiyarsa, in kaka ta yi aka auna auduga sai a cire. Gona kuwa da kwata ake lissafa ta, wato rubu'in kadada, mita hamsin kowane gefe. Cikakken awo shi ne buhu ɗaya mai kilo 50 na takin haɗi a kowace kwata, sannan yuriya ta biyo baya. Lambobin da ke jikin buhun takin auduga, 22-10-15, suna faɗin yawan naitirojin da fosfat da fotash a cikin kowane kilo ɗari, an kuma ƙara masa ɗan farar wuta da boron, waɗanda auduga ba ta yi sai da su.

Maganar yawa ita ce ta cika bakin manya. A taron da shugabannin Afirka suka yi a Abuja a 2006 an yi kukan cewa kadadar Afirka kudu da Sahara kilo 8 kacal take samu na sinadaran taki a shekara, aka ɗauki alƙawarin kai ta 50. Kukan gaskiya ne. Sai dai akwai asarar da ba a cika ƙirgawa ba, ita ce ta takin da aka saya, aka ɗauko, aka zuba, shuka kuma ba ta ci ba. A duniya baki ɗaya, abin da hatsi ke ɗauka daga naitirojin da aka zuba masa bai kai rabi ba. Saura iska ta kwashe, ruwa ya wanke, ko ciyawa ta cinye.

Don a gane dalili, sai an fara daga ƙasar kanta. Garwa tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, daga Mayu zuwa Oktoba. Marwa ba ta kai haka ba, Tuboro ta fi. Kafin ruwan nan ƙasa ta yi wata shida tana gasuwa, a Maris da Afirilu zafi yana wuce digiri 40. Ƙananan halittun da ke cikinta, waɗanda ke ruɓar da kara da ganye da kashin dabbobi, duk sun lafa. Da ruwan fari ya sauka sai su farka gaba ɗaya, su saki naitirojin mai yawa cikin 'yan makonni. Wani masani mai suna H. F. Birch ya bayyana wannan a 1958 daga binciken da ya yi a gabashin Afirka, amma manomi bai jira shi ba. Shi ya sa tsofaffi ke matsa wa yara a yi shuka da wuri, shi ya sa shukar fari ke fitowa kore shar ko ba a ba ta komai ba. Kyauta ce ƙasa ke bayarwa sau ɗaya a shekara. Wanda saiwarsa ke ƙasa a lokacin ya samu. Wanda ya makara, ruwa ya riga ya gangara da rabonsa can ƙasa inda saiwa ba ta kai ba, musamman a jigawa, kuma yawancin gonakin da ke kewaye da Garwa jigawa ne mai jan yashi.

Sinadaran da ke cikin buhu ɗaya ba halinsu ɗaya ba. Fosfat ba ya tafiya: inda aka sa shi nan yake zama, saiwa ce za ta je ta same shi, kuma ƙaramar shuka tana bukatarsa tun makonnin farko don ta kafa saiwa. In aka ba ta shi bayan ta yi wata guda da rabi, ba zai mayar mata da abin da ta rasa ba. Naitirojin kuwa ɗan yawo ne, ruwa ya taɓa shi ya bi. Ƙaramar shuka mai ganye uku kaɗan take iya ci daga gare shi. Cinta na gaske yana farawa ne in masara ta kai gwiwa, ya ci gaba har ta yi goyo. Ga auduga kuma daga lokacin da ta fara ɗaurin fure, wajen kwana 35, har furen ya buɗe wajen wata biyu. Wannan ne ya sa ake raba taki biyu. Na haɗi ana zuba shi cikin mako biyu zuwa uku da tsirowa, bayan an yi noman firi an rage shuka. Yuriya kuma tana jiran wata guda zuwa kwana 45, ta zo tare da huɗa.

Tsaya a bakin gona ka kalli wadda ta iya. Da safe ne, an yi ruwa shekaranjiya, ƙasa da danshi amma ba ta caɓe ba, raɓa ta bushe a ganye. Kwarya ce a hannunta na hagu. Yaronta na gaba da tsinken icce, yana huda rami a gefen kowace shuka, nisan kamar faɗin tafin hannu daga tushe. Ita kuma ta tsunkuli taki da yatsu uku ta jefa, ta taka da diddige, ta wuce. Ba ta bari ƙwaya ko ɗaya ta faɗa cikin kunnen masara, domin nan ruwa ke taruwa, takin ya narke ya ƙone ganyen. In yaron ya matsa ramin jikin tushe za ka ji ta ce, "Kai, ɗan nan, ja baya kaɗan, kashe ta za ka yi." Gishiri ne, in ya zauna a kan ƙaramar saiwa sai ya tsotse ruwanta. Aikin yana cin baya, yana cin lokaci. Maƙwabcinta da ya watsa nasa a sama kamar yana ba kaji tsaba ya gama tun hantsi. Bayan mako uku ka dawo ka dubi gonakin biyu.

Yuriya ita ce ta fi rashin haƙuri. Kashi 46 cikin ɗari nata naitirojin ne, buhu ɗaya yana ɗauke da kilo 23, babu takin da ya fi ta ƙarfi a kasuwa. Amma in aka bar ta a fuskar ƙasa mai ɗan danshi, rana kuma ta fito, cikin kwana biyu zuwa huɗu sai ta fara rikiɗa ta zama iska mai warin fitsarin da ya kwana. Wanda ya sunkuya a irin wannan gona zai iya jin warin. Kashi ɗaya cikin uku na iya tafiya haka, wani lokaci fiye. Magani shi ne a rufe ta da ƙasa a ranar da aka zuba, kuma wannan ne hikimar haɗa ta da huɗa: shanu suna wucewa da garma, ƙasa tana hawa gindin shuka, ta binne taki, ta binne ciyawa, ta tallafi kara. Sai kuma ɗaya hatsarin, na ruwa. In aka zuba yau, gobe aka kwana ana sheƙa ruwan marka irin na Agusta, abin da bai bi rafi zuwa Binuwai ba zai nutse ƙasa da saiwa. Ranar da ake nema tana tsakanin fari da marka, kuma ba kowace shekara take da faɗi ba.

To me ya sa ake makara? Na sha jin ana cewa jahilci ne, kuma ban yarda ba. Babu manomin auduga a wannan yanki da bai ji bayanin malamin gona ba sau da yawa. Abin da ke faruwa shi ne makonnin da taki ke jira su ne makonnin da komai ke jira. A ƙarshen Yuni da Yuli magidanci yana shukar gyaɗa, yana noman dawa, yana gyaran inda iri bai fito ba, ga ciyawa ta taso wa masara. Zuba taki a gonar da ba a nome ba ciyar da ciyawa ne, ya sani, don haka sai ya jira ya gama noma. Wanda ba shi da shanun huɗa kuma dole ya jira mai shanu ya gama tasa gonar tukuna, kuma masu wannan jira ba kaɗan ba ne a cikin Mafa da Giziga da Tupuri da suka gangaro daga arewa mai nisa suka kafa sabbin ƙauyuka a kwarin Binuwai tun shekarun 1970. Yuriyarsa tana jingine a ɗaki, kwanaki suna wucewa.

Akwai kuma tsoro, wanda ni nake ganin hankali ne. Takin nan bashi ne, kuma tsarin lamuni ya ɗaure mutum da 'yan ƙungiyarsa, in ya gaza su za a cire wa. Tun da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994 taki ya daina zama abin wasa, farashinsa ya sake tashi a 2008, ya kuma tashi a 2021 da 2022 har yaƙin Rasha da Yukiren ya ƙara masa wuta. Mutumin da ya ga an yi ruwa biyu an ɗauke, shuka ta fara lanƙwasa, ba zai binne dukiya irin wannan a ƙasa ba sai ya tabbata damina ta zauna. Malamin gona ya ce, "Baba, kwana ashirin fa ke nan da tsirowa." Dattijo ya dubi gabas ya ce, "Na sani, Malam. Bari dai mu ga hadari." Kowannensu da gaskiyarsa. Wani kuma ya raba buhun auduga ya kai wa masara rabi, domin masara ce ake ci. Wani yunwar Agusta ta sa ya kai nasa kasuwa, daga nan ya tsallaka Najeriya. Mai ba da shawarar da bai san waɗannan ba, shawararsa ba za ta wuce bakin gona ba.

Duk da haka makara tana da farashi, kuma a auduga ya fi muni. Yuriyar da aka zuba bayan fure ya buɗe ihu ne bayan hari, har ma ta fi haka ɓarna. Audugar za ta yi tsawo, ta yi ganye mai duhu, mai wucewa ya yaba. Amma ganye take yi maimakon 'ya'ya, ƙwallayen da ke ƙasa suna ruɓewa a inuwa, na sama ba sa nuna kafin ruwa ya ɗauke a Oktoba, darɓa da farin ƙuda kuma suna son ganye mai taushi, su bar danƙo a jikin audugar da zai rage mata daraja a wurin awo. Saboda irin wannan lissafi ne ake rage wa shukar baya awon taki: audugar da ta tsiro a Yuli ba ta da sauran kwanakin da za ta mayar da cikakken buhu kuɗi.

Akwai wasu mutane a duniya da suka mayar da wannan tambaya ta lokacin taki abin nazari na kullum, ba kuwa manoma ba ne. Masu shuka tsirrai ne a cikin akwatin gilashi na kifi, abin sha'awa da ya bunƙasa a Japan da Turai da Amurka, musamman bayan aikin Takashi Amano, mutumin Japan da ya rasu a 2015. Abin da zai ba ɗan Kamaru sha'awa, ɗaya daga tsirran da suka fi so, ƙaramin Anubias da suke kira nana, asalinsa daga rafukan kurmin kudu maso yammacin Kamaru ne. Gonarsu ba ta wuce ruwan 'yan bokitai ba, kuma komai a fili yake, don haka kuskure ba ya ɓuya. Da yawansu suna ɗiga taki dab da kunna fitila, domin da haske tsiro ke aiki. Suna raba ranar fosfat da ranar sinadarin ƙarfe, saboda in sun haɗu a ruwa suna iya ɗaure juna su kwanta, tsiro bai samu ko ɗaya ba. Sun kuma rabu gida biyu. Mabiya Tom Barr na Amurka suna zubawa da yalwa cikin mako, ranar ƙarshe su zubar da rabin ruwan su sake sabo. Wasu kuma kaɗan-kaɗan suke ɗigawa kowace rana, daidai cikin tsiron. Dukansu sun yarda cewa tsiro mai jinkirin girma irin Anubias ba a cusa masa, kuma in haske ya yi yawa tsiron bai da ƙarfin ci, gansakuka ce ke rufe ganye da gilashi.

Na kawo su ne saboda abu ɗaya. Mai akwati yana iya yin almubazzaranci, domin shi ke kunna ranarsa, shi ke sauya ruwansa. Manomin Ngong ba shi da makunni. Hanyar da ta rage masa ita ce ta biyu: kaɗan, kusa da saiwa, a lokacin da shuka ke da bakin ci.

Wannan hanya an gwada ta sosai a Nijar. A tashar bincike ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, tun shekarun 1990 aka nuna cewa cikin murfin kwalbar lemo na takin haɗi, kimanin giram 6, in aka sa shi a ramin shuka na gero, yana ƙara amfani ƙwarai a jigawar da fosfat ya yi wa ƙaranci. Takin kaɗan ne idan aka kwatanta da awon da ake watsawa, amma yana wurin da ya dace a makon da ya dace. Ba zai wadatar da masara ko auduga shi kaɗai ba, kuma in aka daɗe ana yi ba tare da mayar wa ƙasa takin gida ba za ta gaji. Amma ga mai rabin buhu da kwata uku, ya fi ya watsa rabin buhun a sama a tsakiyar Agusta.

Takin gida shi kuma nasa lokacin daban ne, rani ne. Shi sai ya ruɓe kafin ya bayar, don haka ake kai shi gona tun kafin ruwa, ko a yi yarjejeniya da Fulani su kwana da shanu a saura bayan girbi. Gawo ma haka yake aiki, kuma babu wanda ya kai shi iya lokaci. Yana riƙe ganyensa duk rani, dabbobi suna hutawa a inuwarsa suna barin kashi, sai damina ta kama ya zubar da ganyen, ya bar rana ta sauka kan dawar da ke gindinsa. A shekarun 1990 wani shiri mai suna DPGT, wanda ya yi aiki tare da kamfanin auduga, ya riƙa ƙarfafa manoman arewacin Kamaru su bar 'ya'yan gawo da suka fito da kansu a gona maimakon sare su, har da ɗan tukuici a kan kowane tsiro. A ganina wannan yana cikin kuɗin da aka kashe a inda ya dace. A gefe guda kuma ga masakwa, dawar rani da ake dasawa a laka a Satumba da Oktoba a girbe a Janairu da Fabrairu. Ita galibi ba a ba ta takin zamani, domin babu ruwan saman da zai narkar da shi. Danshin da laka ta riƙe da abin da ambaliya ta bari take ci. Tun da aka gama madatsar Lagdo a 1982 ambaliyar Binuwai ta daina zuwa yadda ta saba a fadamun da ke ƙasa da ita, masu masakwa na wajen Garwa kuma sun ji a jikinsu.

Abin da zan roƙi masu tsara raba taki ba shi da yawa: buhu ya riga ruwa isa ƙauye, kuma yuriya ta zo tare da na haɗi, kada a ce a dawo a karɓa a Yuli lokacin da rafuka suka yanke hanya. A kuma ɗauki maganar shanun huɗa a matsayin maganar taki, domin ranar yuriya a hannun mai garma take.

Ga mai gona kuwa, lissafin daga ranar da gonarsa ta tsiro yake farawa, ba daga ranar da maƙwabci ya kwance buhunsa ba, kuma kowace kwata da nata. Wanda ke cin kasuwar Pitowa ta Lahadi yana iya ƙirgawa da ita: kasuwa biyu zuwa uku bayan tsiro na haɗi ya shiga, kasuwa biyar zuwa shida yuriya ta bi. In ranar ta zo ƙasa a bushe, a jira ruwa, a zuba washegarinsa. In ciyawa ta fi ƙarfi, a nome kwata ɗaya a ba ta takinta, maimakon a jira a gama duka. In kuma abubuwa sun cakuɗe har auduga ta yi fure sosai ko masara ta fitar da gemu yuriya tana ɗaki, a bar ta a ɗakin. A ɗaure bakin buhun tam, a ɗora shi kan katako nesa da bango, domin tana jan danshi ta dunƙule. Masu albasa na bakin kogi za su neme ta a Disamba, in kuma ba a sayar ba za ta kai baɗi.